Almajirtarwa: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini da Amsoshinsu

Ni tela ne, kuma na daɗe ina koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu da ke Zariya. Wasu daga cikin tambayoyin nan a bakin majami'a aka tare ni da su bayan an tashi sujada, wasu a shago ina tsakar ɗinki, wasu kuma matasa ne suka turo mini ta waya cikin dare. Na tattara su wuri ɗaya domin na lura damuwar iri ɗaya ce: muna so mu yi biyayya ga umarnin Ubangiji, amma da yawanmu ba mu taɓa ganin yadda ake yin abin da idonmu ba.

Mece ce almajirtarwa, kuma a ina aka umarce mu da ita?

Tushen maganar yana cikin Matiyu 28:18-20, a kan wani dutse a Galili, bayan tashin Yesu daga matattu. Ya fara da cewa an ba shi dukkan iko a sama da ƙasa. Sannan ya ce wa almajiransa sha ɗayan nan su je su almajirtar da dukkan al'ummai, suna yi musu baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suna koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Ya rufe da alkawarin yana tare da su kullum har matuƙar zamani.

Masana Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sun nuna cewa umarni ɗaya ne tak a jimlar, wato "ku almajirtar". Tafiya da baftisma da koyarwa duk a jikinsa suke rataye. A kuma lura da abin da aka ce a koyar: kiyayewa. Mutum yana iya haddace Matiyu sura 5 zuwa 7 kaf, ya koma gida ya zagi matarsa. Koya wa mutum sani aikin 'yan watanni ne a aji. Koya masa kiyayewa kuwa sai an zauna da shi, an ga yadda yake yi in ransa ya ɓaci, in kuɗi ya shigo hannunsa, in aka ci amanarsa. Abin da nake nufi da almajirtarwa ke nan: wanda ya riga ka a hanyar bin Yesu ya jawo ka jikinsa, ka ga zamansa, ya ga naka, har ka tsaya da ƙafarka kai ma ka jawo wani.

Kalmar "almajiri" ai yaro mai kwanon bara take tuna mana. Me zai hana mu tsaya a kan "Kirista" ko "mai bi"?

Kalmar daga Larabci ta zo, daga "almuhajir", wato wanda ya yi ƙaura. A asali tana nufin wanda ya bar gidansu ya tafi neman ilimi a gaban malami, yana kwana inda malam ya ajiye shi, yana taya shi noma, yana ɗaukar karatu da hali a lokaci guda. Wahalar da yara ke sha a titunanmu yau abin tausayi ce ƙwarai, amma kada ta rufe mana ainihin ma'anar. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, sun dace da kalma. Bitrus da Andarawus sun bar tarunansu, Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu Zabadi a cikin jirgi, Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji. Ƙaura suka yi. Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyu domin su kasance tare da shi, ya kuma aike su wa'azi. Zaman tare shi ya fara zuwa.

Sau uku kacal kalmar "Kirista" ta fito a Sabon Alkawari, "almajiri" kuwa fiye da sau 250 a cikin Bisharu huɗu da Ayyukan Manzanni. A Antakiya, almajirai ne aka fara kira Kirista (Ayyukan Manzanni 11:26). Saboda haka babu aji biyu, a ce ga Kirista na gama-gari, ga kuma almajirai masu zafin addini. Wanda ya amsa sunan farko ya amsa na biyu.

Wannan ba aikin fasto da masu bishara ba ne? Ai don shi suka yi karatu.

Afisawa 4:11-12 ta ce an ba ikilisiya makiyaya da masu koyarwa domin su shirya tsarkaka ga aikin hidima. Fasto mai shiryawa ne, masu aikin kuwa mu ne da ke zaune a kan benci. Da tsanani ya tashi a Urushalima bayan kisan Istifanas, kowa ya watse ban da manzanni, kuma waɗanda suka watsen su ne suka yi ta yaɗa maganar duk inda suka sauka (Ayyukan Manzanni 8:1-4).

Tarihinmu ma haka ya nuna. Samari uku na mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Legas a 1893. Walter Gowans da Thomas Kent sun rasu a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya rage, kuma sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ta fara a Wase a 1904. Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905. A Garkida, a gindin tsamiya aka yi sujada ta farko a 1923. Turawan nan 'yan ƙalilan ne, zazzaɓi yana cin su, harshe yana yi musu wuya. Waɗanda suka kai bangaskiya lungu-lungu manoma ne da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti na ƙasar nan, waɗanda suka zauna kusa da wani suka koya, suka koma ƙauyukansu suka zaunar da wasu. Tun 1948 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar aike da masu bishara wadda yau ake kira EMS ta ikilisiyar ECWA. A shekarun 1960 kuma ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa ta tashi daga Jos a kan wannan tunani, cewa kowane mai bi mashaidi ne, tana tara mutane ƙungiya-ƙungiya a gidaje domin addu'a.

Ga kuma lissafi mai sauƙi. Fasto ɗaya yana iya yi wa mutum 500 wa'azi ranar Lahadi, amma ba zai iya sanin abin da ke hana kowannensu barci ba. A ikilisiyoyi da dama ma bayan 'yan shekaru ake yi masa canjin wurin aiki. Kai ne za ka daɗe a unguwar.

Muna yin taron falkaswa, mutane suna tuba, muna sa su ajin baftisma. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne mafi yawan aikin, kuma da hawaye na koyi haka. Shekarun baya wani saurayi mai koyon kanikanci ya fito gaba a taron falkaswa. Ni na rubuta sunansa a littafi. Ya yi ajin baftisma a hannuna bai taɓa fashi ba, kullum yakan zo da baƙin mai a faratansa domin daga gareji yake wucewa kai tsaye. Ranar baftisma a bakin rafi na rungume shi, na ce Allah ya riƙe shi. Daga nan na buɗe sabon shafi, na ɗauki sabon aji. Na lura ya daina zuwa, na ce a raina ai zai dawo. Ban san ƙofar gidansu ba, domin ban taɓa tambaya ba.

Bayan fiye da shekara na gamu da shi a tashar mota.

"Ɗana, ina ka shige haka?"

Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, ina nan inda kuka bar ni. Wata biyu na yi ina jinyar mahaifiyata a asibiti har ta rasu. Ba wanda ya leƙo."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma zarge ni ba. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya dawo, ya ce to. Bai dawo ba, daga baya na ji ya bar garin. Har yau ina yi masa addu'a. Duk tambayoyin ajin ya amsa su daidai, amma a ranar da yake bukatar ya ga yadda mai bi ke tsayawa a gefen gadon asibiti, ba kowa a kusa da shi. Taro yana da amfani, aji ma yana da amfani, ni ba zan daina koyarwa ba. Sai dai haihuwa ce kawai suke yi. Reno yana gaba, kuma ba a renon jariri daga kan bagade.

Ban yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ni kaina ina da rauni. Na isa?

Majalisar Yahudawa ta dubi Bitrus da Yahaya ta ga marasa ilimi ne, talakawa, amma ta gane sun zauna tare da Yesu (Ayyukan Manzanni 4:13). A kan dutsen Galili ma, Matiyu 28:17 ta ce sun yi masa sujada amma waɗansu suna shakka, kuma su ɗin ne ya ba umarnin. Idan ka yi shekara biyu kana bin Ubangiji da gaske, kana da abin da za ka ba wanda ya yi wata biyu. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce masa ba ka sani ba, ku tafi wurin fasto ko wani dattijo tare. A wannan tafiyar ma ya koyi wani abu.

Rauni dabam, ɓoyayyen zunubin da ka ƙi saki dabam. Wanda ke riƙe da na biyun ya fara neman wanda zai taimake shi tukuna, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da kake shi za ka shafa wa yaron, ko ka so ko ka ƙi.

A ina zan sami wanda zan almajirtar?

Yana kusa da kai. Andarawus ɗan'uwansa Saminu Bitrus ya fara nemowa, Filibus kuma ya nemo Nata'ala (Yahaya 1:40-46). Dubi wanda aka yi wa baftisma bana, da ɗalibin da ya zo karatu garinku ba shi da kowa, da amaryar da aka kawo unguwa, da yaron shagonka. Ka yi addu'a a kan mutum ɗaya ko biyu, kada ka kwashi goma. Ba kuma sai ka ce masa "zan almajirtar da kai" ba. Ka ce, "Ranar Alhamis da yamma ka zo mu ci tuwo, mu ɗan duba Maganar Allah."

In mun zauna, me za mu riƙa yi?

Bari in amsa daga shago. Yaron da aka kawo mini koyon ɗinki ba ya taɓa almakashi a watanninsa na farko. Shara yake yi, da guga, da sayo zare, idonsa yana kan hannuna. Daga nan ya fara sa maɓalli da kalmasa ƙafar wando. Sai ya hau keke ina tsaye a kansa. Yanka shi ne na ƙarshe, kuma ba wanda ya iya yanka bai ɓata yadi ba. Ranar da ya ɓata, ni ke biyan mai kaya, in zauna in nuna masa inda awonsa ya kauce. A tsawon shekarun nan ba ɗinki kaɗai yake ɗauka ba. Yana ganin ko ina mayar wa mutane ragowar yadinsu, yana jin abin da nake ce wa mai kaya in na saɓa alkawarin ranar karɓa, ko gaskiya nake faɗa ko in ɗora wa rashin wuta laifi.

Haka Yesu ya yi da nasa. Sun kalle shi yana aiki. Sun taya shi, su ne suka rarraba gurasa ga mutum 5,000. Ya aike su biyu-biyu (Markus 6:7), suka dawo suka ba shi labarin abin da suka yi (Markus 6:30). Da suka kasa fitar da aljani daga jikin wani yaro, a cikin gida suka tambaye shi dalili, ya bayyana musu.

A aikace, ni nakan ware yamma ɗaya a mako. Mukan fara da Bisharar Markus domin gajeriya ce, sura 16, kuma labari ne mai tafiya. Mu karanta ɗan sashe, in tambaye shi me ya gani game da Yesu, me ya gani game da mutane, me zai yi a makon nan saboda abin da ya karanta. Mako na gaba da wannan ta ƙarshen nake farawa: ka yi? Shi ma yana da izinin ya tambaye ni. Sai mu yi addu'a, shi ma ya buɗe baki ko da kalma biyar ce. Amma rabin aikin a waje yake. In za ni gaida mara lafiya ko ta'aziyya, nakan ce ya raka ni. In za a sasanta wasu, in dai ba sirri ba ne, yana gefe yana ji. Ya ga yadda nake magana da matata, ya kuma ga ranar da na yi kuskure na ba ta haƙuri.

Wanda bai iya karatu ba fa, zai iya koya ko ya koyar?

Mutumin da ya fi kowa almajirtarwa a cikin waɗanda na sani wata tsohuwa ce a Zumuntar Mata, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Ta riga mu gidan gaskiya. Waƙoƙin sujada da ayoyi masu yawa suna kanta, domin duk abin da aka karanta a majami'a takan sa jikokinta su maimaita mata har ya zauna. Amaren unguwa wurinta suke zuwa koyon daddawa da miyar kuka, matata tana cikinsu. Suna tsintar wake a faifai tana tambayarsu zaman gida. Wata rana, a farkon aurenmu, matata ta je mata da ƙarata, ranta a ɓace. Tsohuwar ta bari ta gama tsaf, sannan ta ce, "'Yata, kin gaya wa Ubangiji wannan maganar kafin ki gaya mini?" Ta ce, "A'a, Mama." Ta ce, "To ajiye faifan." Suka durƙusa a tsakar gida. Da yamma kuma ta aiko a kira ni, ta faɗa mini nawa laifin ba tare da ta rage komai ba. Abin da Titus 2:3-5 ke nufi ke nan, cewa tsofaffin mata su koya wa ƙanana.

Yau abin ya ƙara sauƙi, domin ana samun Littafi Mai Tsarki na Hausa da murya a waya. Ku saurara tare, ya maimaita labarin da bakinsa, ku haddace aya ɗaya. In kuma yana da sha'awar yaƙi da jahilci, koya masa karatu babbar kyauta ce.

Namiji zai iya almajirtar da mace, ko mace namiji?

Shawarata ita ce maza da maza, mata da mata. Aikin nan yana buɗe zuciya, kuma mun ga gidajen da suka mutu daga "addu'a kawai muke yi". In bukata ta kama, a yi yadda Bilkisu da Akila suka yi da Afolos: mata da miji tare suka jawo shi, suka ƙara bayyana masa hanyar Allah (Ayyukan Manzanni 18:26). Yara ƙanana kuwa, da sanin iyayensu, a fili, inda ido ke gani.

'Ya'yana na cikin gida suna cikin lissafi?

Su ne na farko. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ce a koya musu a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa da mahaifiyarsa ta faro (2 Timoti 1:5) kafin Bulus ya same shi a Listira. Makarantar Lahadi awa ɗaya ce a mako, sauran awoyin naka ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yaro ya fi gaskata abin da ya gani ranar Talata a kan abin da ya ji ranar Lahadi.

Ya fara roƙona kuɗi. In ba shi?

Wannan tambayar tana da nauyi a lokacin da kwanon masara ke neman gagarar talaka. Yakubu 2:15-16 ya hana mu sallamar mayunwaci da fatar baki. Yesu kuma ya gaya wa taron da suka bi shi cewa gurasar da suka ci ce ta kawo su (Yahaya 6:26). Duka biyun gaskiya ne. Abin da nake yi shi ne, abinci a gidana ba a roƙonsa, duk wanda ya tarar ya ci. Bukata babba, irin ta asibiti ko kuɗin makaranta, nakan kai ta gaban dattawan ikilisiya domin kada ya zama ni kaɗai ne ubangidansa. Ba na ba da bashin da ba zan iya yafewa ba, domin bashi yana sa mutum ya daina zuwa don kunya. Mafi alheri shi ne a sama masa sana'a. Kuma kada a taɓa sa kyauta ta zama ƙugiya. Wanda aka saya da buhun shinkafa, ranar da wani ya kawo buhu biyu zai tafi.

In danginsa sun juya masa baya saboda bangaskiyarsa fa?

Tun farko kada ka ɓoye masa tsadar abin. Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Mu a Arewa ba labari muke ji ba. 'Yan'uwanmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) sun rasa mutane da majami'u masu yawa a rikicin Boko Haram, har hedkwatarsu da ke Kwarhi ta faɗa hannun maharan a 2014.

Amma akwai wahalar da mu ke jawo wa sabon mai bi da rashin hikima. Kada a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook. Kada a tsayar da shi gaban taro ya ba da shaida tun bai shirya ba. Kada a koya masa raina iyayensa ko zagin addinin da ya taso a ciki. Umarnin girmama uwa da uba bai faɗi ba don ya zama Kirista, ya kamata ma su ga ya fi da ladabi da taimako. Yawancin masu kawo mini ɗinki Musulmi ne, muna zaman mutunci shekara da shekaru, ana gayyata ta suna da biki ina zuwa. Bitrus ya ce mu ba da amsar begenmu da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15), kuma ba a tilasta wa kowa bin Yesu, ba a kuma yaudararsa.

In har an kore shi, to a nan ne za a gane ko da gaske muke. A Markus 10:29-30 Yesu ya yi wa wanda ya bar gida da dangi saboda shi alkawarin gidaje da 'yan'uwa da iyaye ninki ɗari tun a wannan zamani. Gidajen nan namu ne. Ɗakin da zai kwana, da wanda zai tsaya masa a matsayin uba ranar neman aure, da inda zai yi Kirsimeti, duk daga cikinmu za su fito.

Ana iya yi ta WhatsApp?

Waya tana taimako in nisa ya raba ku. Bulus ma wasiƙu ya rubuta wa Timoti da Titus, amma bayan sun yi shekaru suna tafiya tare. A waya mutum yana iya turo maka "Amin" alhali kwana uku bai runtsa ba. In gari ɗaya kuke, ka taka ka je.

Na yi wahala a kansa, ya faɗi cikin zunubi ko ya ja da baya. Na gaza ke nan?

Ubangiji da kansa ya yi shekara uku da Yahuza, wanda ya bashe shi. Bulus ya rubuta da baƙin ciki cewa Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniya (2 Timoti 4:10). Kai mai shuka ne ko mai ban ruwa, Allah ne mai sa girma (1 Korintiyawa 3:6). Ka bincika kanka da gaskiya, in akwai sakacinka ka tuba, kamar yadda ya zame mini dole a kan saurayin nan mai koyon kanikanci. Amma kada ka yi saurin rufe littafin mutum. Yahaya Markus ya gudu ya bar su Bulus a tsakiyar tafiya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa (Ayyukan Manzanni 15:36-40). Barnaba ya riƙe shi. Shekaru bayan haka Bulus ɗin nan ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11). Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Yesu ya gasa masa kifi a bakin teku, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aikin kiwo.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke yi da wanda ikilisiya ta sa a ƙarƙashin horo. Yakan zauna a bencin baya wata shida ba mai taka ƙofarsa. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da irin wannan da ruhun tawali'u. Lokacin horo ne ya fi bukatar wanda zai zauna kusa da shi a bencin nan.

Yaya zan kauce wa zama ubangida mai juya rayuwar mutum?

Haɗarin gaskiya ne, kuma yana yawa a zamanin nan da kowa ke neman a kira shi uban ruhaniya. Yesu ya ce Malaminmu ɗaya ne, mu duka 'yan'uwa ne (Matiyu 23:8). Bitrus ya gargaɗi dattawa kada su nuna wa garke iko (1 Bitrus 5:3). In ka ga ba ya iya yanke shawara sai ya tambaye ka, ko ranka yana ɓaci in ya nemi shawarar wani, ko kana zaɓa masa matar aure, ko ka mai da shi ɗan aike ba lada, to ka kauce hanya. Sirrin da ya gaya maka kuma amana ce, kada ya zama abin misali a wa'azinka. Yahaya Maibaftisma ya nuna wa almajiransa biyu Ɗan Rago na Allah, suka bar shi suka bi Yesu, bai kira su su dawo ba (Yahaya 1:35-37).

Yaushe zan san lokacin yaye shi ya yi?

Babu adadin watanni da aka yanka. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a Koranti, ya yi uku a Afisa. Ma'aunin da na sani yana cikin 2 Timoti 2:2, inda ake ganin zuriya huɗu a aya ɗaya: Bulus, da Timoti, da amintattun mutane, da waɗansu da su kuma za su koya wa. In ya fara ciyar da kansa daga Maganar Allah ba sai ka tuna masa ba, in yana tuba ba sai an kama shi ba, in kuma ya fara damuwa da wani, to ya kusa. A sana'armu, ranar yaye yaro ubangida yakan taimaka masa da keke, ya tura masa wasu daga cikin masu kawo ɗinki. Zumunci ba ya yankewa, amma shagon nasa ne. Ka kuma shirya wa ranar da zai fi ka. A farkon tafiyarsu ana cewa Barnaba da Shawulu, kafin a gama sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni an koma cewa Bulus da Barnaba, kuma ba mu ji Barnaba ya yi ƙorafi ba.

Akwai wani malamin firamare da muka yi kusan shekara uku muna zama ranar Alhamis. A watan jiya ya shigo da wani yaro mai tura baro a kasuwa, ya ce, "Baba, ga ƙanena, tare za mu riƙa zuwa. Amma in kun yarda, yau ni zan buɗe mana Markus." Na miƙa masa Littafin, na ce wa matata ta ƙara kwano ɗaya.